Yadda ake gano matsalar lissafin lambobi masu ɗigo a yaren C a kan kwamfutar Amiga

Wayar da ke hannunka tana lissafa 2.5 sau 1.3 kafin ka ƙifta ido, domin a cikin masarrafinta akwai sashe na musamman da aka gina don lambobi masu ɗigo. Kwamfutocin gida na shekarun 1980 ba su da wannan gata. Amiga 500, wadda kamfanin Commodore ya fitar a 1987, tana aiki da masarrafin Motorola 68000 mai gudun kusan 7 MHz, kuma wannan masarrafi cikakkun lambobi kaɗai ya iya. Duk wani lissafi mai ɗigo, daga tarawa har zuwa sin da cos, wata manhaja ce ke yin sa a madadinsa, wato laburaren lissafi.

A nan ne masu rubuta manhaja da yaren C suke shan wahala. Kod ɗin da ya yi aiki lafiya a waya ko laptop, idan aka kai shi Amiga sai ya buga sifili, ko wata katafariyar lamba marar kan gado, ko na'urar ta tsaya cik ta nuna jan akwatin nan mai ƙiftawa da ake kira Guru Meditation. A wannan darasi za mu bi matsalolin ɗaya bayan ɗaya, mu ga alamar kowacce, da dalilinta, da maganinta. A ƙarshe akwai gwajin da za ka iya yi a wayarka.

Kalmomi uku kafin mu fara

Kompaila ita ce manhajar da ke mayar da kod ɗin C zuwa yaren na'ura. Linka kuma ita ce ke haɗa abin da kompaila ta fitar da laburaren da yake buƙata, har ya zama manhaja guda. FPU shi ne guntun lissafin lambobi masu ɗigo. A gidan Motorola sunansa 68881, sai ƙaninsa 68882. Amiga 3000 ta 1990 ta zo da shi, amma Amiga 500, 600 da 1200 babu shi a cikinsu sai dai a ƙara musu kati.

Tushen rikicin: tsari biyu a na'ura ɗaya

Amiga ta san hanyoyi biyu na ajiye lamba mai ɗigo. Ta farko ita ce FFP ta kamfanin Motorola, wadda aka tsara don sauri. Tana cin bit 32: bit 24 na sama su ne ainihin lambar, bit ɗaya yana nuna ko lambar ta gaza sifili, sai bit 7 na ƙasa da ke nuna inda ɗigon zai tsaya. Ta biyu ita ce IEEE 754, ƙa'idar da aka amince da ita a 1985, wadda wayarka ke amfani da ita har yau. Tana da ƙarama mai bit 32 da babba mai bit 64.

Abin lura shi ne, ƙaramar IEEE da FFP girmansu ɗaya amma shirinsu ya sha bamban. Ga yadda suke a rubutun heks:

- 1.0 a FFP: 80000041. A IEEE: 3F800000.
- 2.5 a FFP: A0000042. A IEEE: 40200000.
- -1.0 a FFP: 800000C1. A IEEE: BF800000.

Na'ura ba ta da yadda za ta gane wanne aka ba ta. Bayit huɗu ne kawai, duk yadda aka ce ta karanta haka za ta karanta.

Kowane tsari yana da laburarensa. FFP tana da mathffp.library don tarawa, ɗebewa, ninkawa da rabawa, kuma tana zaune a cikin ROM na Kickstart. Tana kuma da mathtrans.library don irin su sin, cos, log da sqrt, ita kuwa a faifai take, cikin LIBS:. Babbar IEEE tana da mathieeedoubbas.library da mathieeedoubtrans.library, su ma a faifai. Riƙe wannan bambanci na ROM da faifai, zai dawo nan gaba.

Matsala ta farko: printf ya ƙi buga lambar

Alama: %d da %s suna aiki, amma duk inda ka sa %f lambar ba ta fitowa daidai. Wani lokacin ma linka ce za ta tsaya tana ƙorafin ba ta ga wasu sunaye ba, sunayen da kai ba ka taɓa rubutawa ba, irin su __muldf3 ko __adddf3 idan GCC kake amfani da ita.

Dalili: tunda masarrafin bai iya ninka lamba mai ɗigo ba, duk inda ka rubuta a * b kompaila tana sauya shi da kiran wani ƙaramin fankshin na taimako, wanda ke zaune a laburaren lissafi. Haka kuma, don tsimin wuri, kompailoli da yawa na wancan zamani sun ajiye printf iri biyu: ƙarami wanda bai san %f ba a babban laburare, da cikakke a laburaren lissafi. Amiga 500 tana zuwa ne da 512 KB kacal, kowane bayit yana da daraja.

Magani: ka haɗa laburaren lissafi, kuma ka sa shi kafin babban laburare, domin linka tana ɗaukar printf ɗin da ta fara cin karo da shi. A SAS/C zaɓin MATH=STANDARD ko MATH=IEEE ko MATH=FFP ko MATH=68881 ne ke tsara wannan, kuma kowanne da fayil ɗinsa: scm.lib, scmieee.lib, scmffp.lib da scm881.lib, duk kafin sc.lib. A Aztec C na kamfanin Manx, -lm ne kafin -lc. A vbcc kuwa -lmieee ake sawa ga na'urar da ba ta da FPU, -lm881 ga mai shi.

Akwai wani tarko kuma. Fayil ɗin amiga.lib yana da nasa printf da sprintf da suka dogara da RawDoFmt na tsarin Amiga. Wannan bai san %f ba ko kaɗan, kuma %d a wurinsa bit 16 ne, sai ka rubuta %ld kafin ya karanta bit 32. Idan amiga.lib ya riga laburaren kompaila a jerin, nasa za a ɗauka.

Masu Turbo C a DOS sun san 'yar'uwar wannan matsala, saƙon nan da ke cewa floating point formats not linked, wanda ke fitowa idan linka ta zaci manhajar ba ta buƙatar sashen karanta lambobi masu ɗigo.

Matsala ta biyu: sqrt(16.0) ya ba da 1074790400

Wannan lamba ba ta faɗo daga sama ba. A tsohon C, idan ka kira fankshin ba tare da ka sanar da irinsa ba, kompaila ba ta tsayar da kai. Tana ɗauka kawai cikakkiyar lamba zai dawo da ita. To idan ka manta da layin #include <math.h>, ga abin da ke faruwa a kompaila mai int na bit 32 da ke lissafin IEEE da manhaja. Fankshin ɗin sqrt ya yi aikinsa daidai, ya samu 4.0, wanda a bit 64 shi ne 4010000000000000. Ya raba shi gida biyu, rabin farko a rajistar D0, na biyu a D1. Shi kuwa mai kiran yana jiran int ne, sai ya ɗauki D0 kaɗai. Heks 40100000 idan aka mayar da shi lissafin yau da kullum shi ne 1074790400.

Saboda haka duk lokacin da ka ga amsa ta haura biliyan ɗaya da 'yan kai alhali ƙaramar lamba kake jira, mayar da ita heks. Idan ta fara da 3F ko 40, kusan tabbas rabin double ne aka karanta a matsayin int.

Matsalar tana da fuska ta biyu. Idan babu sanarwa ka rubuta sqrt(16) ba ɗigo, kompaila za ta tura bayit huɗu, ko biyu idan int ɗinta bit 16 ne kamar tsohon Aztec C, alhali sqrt bayit takwas yake jira. Ragowar zai kwaso su daga duk tarkacen da ya tarar a sitak, shi ya sa amsar kan sauya daga gwaji zuwa gwaji.

Magani: sa math.h, sannan stdlib.h idan kana amfani da atof ko strtod, kuma ka kunna gargaɗin kompaila. Haka nan a scanf, %f na float ne, %lf na double. Idan ka musanya su, ko dai rabin gurbin ne kawai zai cika, ko a rubuta bayit takwas a gurbin huɗu a lalata maƙwabci.

Matsala ta uku: cakuɗa FFP da IEEE

Alama: manhajar ba ta faɗi ba, amma amsoshi suna fitowa sifili, ko -0.000000, ko lambobin da ba su da alaƙa da lissafin.

Wannan yana faruwa ta hanyoyi uku. Na farko, ka harhaɗa fayil ɗaya da MATH=FFP, wani kuma da MATH=IEEE, sannan ka haɗa su. Na biyu, ka harhaɗa da wani tsari amma ka haɗa laburaren wani. Na uku, wanda ya fi yawa, ka kira SPAdd, SPMul ko SPSin kai tsaye alhali kompailarka IEEE take rubutawa. Idan ka rubuta SPMul(2.5, x), kompaila za ta ajiye 2.5 a shirin IEEE, laburaren kuma ya karanta shi a shirin FFP. Idan babu sanarwa ma abin ya fi muni, domin tsohon C yana faɗaɗa kowane float zuwa double kafin ya tura shi.

Magani: zaɓi tsari ɗaya ga dukan aikin, ka goge tsofaffin fayilolin .o, ka sake harhaɗa komai. Idan dole ne ka yi amfani da FFP a cikin manhajar IEEE, ajiye lambobin FFP a gurbin ULONG don kada kompaila ta taɓa su, ka gyara sanarwar fankshin ɗin ta dace da hakan, sannan ka riƙa juyawa da kayan da aka tanada: SPFlt yana mayar da cikakkiyar lamba FFP, SPFix yana dawo da ita, SPFieee yana karɓo ƙaramar IEEE zuwa FFP, SPTieee kuma yana yin akasin haka.

Hanya mafi sauri ta gane tsarin da kompailarka ke kai ita ce ka sa 1.0 a float, ka buga bayit ɗinsa da %08lx. Idan ka ga 80000041, FFP ce. Idan 3F800000 ne, IEEE ce.

Matsala ta huɗu: laburaren bai buɗe ba

A Amiga ba a kiran laburaren tsarin sai an buɗe shi da OpenLibrary, an ajiye adireshinsa a gurbi mai takamaiman suna: MathBase, MathTransBase, MathIeeeDoubBasBase ko MathIeeeDoubTransBase. Kowane kira yana sa wannan adireshi a rajistar A6, ya yi tsalle zuwa ɗan bayansa. Idan gurbin sifili ne, masarrafin zai faɗa inda babu fankshin, daga nan sai Guru.

```
struct Library *MathTransBase;

MathTransBase = OpenLibrary("mathtrans.library", 0);
if (MathTransBase == NULL) {
    puts("Babu mathtrans.library a LIBS:");
    return 20;
}
/* lissafi ya biyo nan */
CloseLibrary(MathTransBase);
```

Alamar da ke tona wannan matsala ita ce manhaja ta yi aiki idan an tayar da na'ura da faifan Workbench, amma ta mutu idan an tayar da ita da faifan da ka shirya da kanka. Tarawa da ninkawa na FFP za su yi aiki tunda suna ROM, amma da zarar an zo sin ko sqrt sai a nemi mathtrans.library a LIBS: a rasa. Kwafe shi zuwa faifanka, shi ke nan.

Abu biyu kuma. Wasu kompailoli, kamar SAS/C 6, suna buɗe laburaren da kansu muddin ba ka ƙirƙiri gurbin da hannunka ba. Da zarar ka rubuta layin farko na kod ɗin sama, nauyin buɗewa ya dawo kanka. Sannan laburaren IEEE ba a gadonsu: idan manhajarka ta haifi wani aiki na daban da ke gudana gefe guda, shi ma sai ya buɗe nasa.

Matsala ta biyar: Guru mai ƙarewa da 000B

Lambar da ke cikin jan akwatin tana magana. Idan ta ƙare da 0003, an nemi lamba a adireshi mara, abin da 68000 ba ya yarda da shi. 0004 umarni ne da masarrafin bai sani ba. 0005 raba cikakkiyar lamba ce da sifili. Ita kuwa 000B tana nufin an ci karo da umarnin da ya fara da F a heks, kuma a gidan Motorola nan ne aka keɓe wa umarnin FPU.

Ma'ana, an harhaɗa manhajar don na'ura mai 68881, aka kai ta inda babu. Sake harhaɗawa ba tare da MATH=68881, ko -fpu=68881, ko -m68881 ba, gwargwadon kompailarka. Idan a manhajar kwaikwayo kake, duba saitin masarrafi ka ga ko an kunna FPU.

Masarrafin 68040 yana da nasa salon. Yana da FPU a cikinsa, amma Motorola ta cire wasu umarnai, ciki har da fsin da fcos, ta bar wa manhaja. A Amiga fayil ɗin 68040.library ne ke cike giɓin, kuma SetPatch ne ke loda shi lokacin tashi. Idan ka tayar da na'ura ba tare da Startup-Sequence ba, ninkawa za ta yi aiki, sin kuwa ta kayar da ita. Nau'in 68LC040 ba shi da FPU gaba ɗaya.

Matsala ta shida: wace lamba ce ta farko?

A C, pow(2.0, 3.0) yana ba da 8. A laburaren Amiga, SPPow da IEEEDPPow suna karɓar lambar sama ce da farko, gindin ya biyo baya. Idan ka jera su irin na C, 9 za ka samu. A SPSub da SPDiv ma lambar farko tana shiga rajistar D1, ta biyu D0, don haka kada ka yi zato. Gwada su da 8 da 2 ka ga ko 4 ya fito ko 0.25. Kada ka gwada da lambobi iri ɗaya kamar 2 da 2, domin ko an juya su amsar ba za ta canza ba.

Abin da ba kuskuren laburare ba ne

FFP ba ta wuce kusan 9.22 sau 10 mai sifili 18 ba, kuma ba ta da alamar rashin iyaka ko alamar amsa marar ma'ana kamar yadda IEEE ke da su. Idan kana ninka 1 × 2 × 3 zuwa sama, har 20 kana cikin iyaka, a 21 ka fita. Bit 24 kuma suna riƙe kusan alƙaluma bakwai ne kawai, shi ya sa 16777216 idan aka ƙara masa 1 a float ba ya zama 16777217.

Haka kuma 0.1 ba ta da cikakken siffa a lissafin sifili da ɗaya, kamar yadda ɗaya bisa uku ba ya ƙarewa a namu lissafin. Idan ka tara 0.1 sau goma a double, 0.9999999999999999 za ka samu. Zagayen da ke jiran x ya zama daidai 1.0 ba zai taɓa tsayawa ba. Ƙirga zagaye da int, kuma wajen kwatanta lambobi biyu duba ko tazararsu ta gaza wani ɗan ƙaramin adadi.

Kar a manta da sitak. Amiga tana ba manhaja kusan 4 KB ne a farko, kuma babu mai kare ma'adana idan ya cika ya zuba. Idan faɗuwar ba ta da tsari, rubuta stack 20000 a Shell ka sake gwadawa.

Jerin bincike a taƙaice

1. Rage manhajar zuwa layi biyar da ke nuna matsalar.
2. Buga 1.0 a heks don ka san tsarin da kake kai.
3. Tabbatar math.h yana nan, gargaɗi a kunne.
4. Duba jerin linka: laburaren lissafi kafin babban laburare.
5. Duba amsar kowane OpenLibrary.
6. Karanta lambar Guru kafin ka danna linzami.
7. Sauya abu ɗaya a lokaci guda, ka sake gwadawa.

Gwada a wayarka

Idan kana da Android, buɗe Termux ka rubuta pkg install clang, sannan ka ajiye wannan a fayil mai suna ffp.c:

```
#include <stdio.h>
#include <string.h>
#include <stdint.h>
#include <math.h>

int main(void)
{
    uint32_t x = 0x80000041;
    float f;
    double d;

    memcpy(&f, &x, 4);
    printf("%f  %e\n", f, f);

    d = ldexp((x >> 8) / 16777216.0, (int)(x & 0x7F) - 64);
    if (x & 0x80) d = -d;
    printf("%f\n", d);
    return 0;
}
```

Harhaɗa shi da clang ffp.c -o ffp -lm, ka gudanar da ./ffp. Layin farko zai nuna -0.000000 da -9.108440e-44, wato abin da ke faruwa idan aka karanta 1.0 na FFP da idon IEEE. Layi na biyu zai nuna 1.000000, domin mun warware shi bisa ƙa'idarsa. Sauya x zuwa 0xA0000042 ka ga 2.5 ya fito. Idan daga tsohon fayil na Amiga kake karanto lambobin, tuna cewa 68000 yana fara ajiye babban bayit ne, wayarka kuma ƙarami, sai ka juya su tukuna.

Mai son taɓa Amiga kanta zai iya amfani da WinUAE ko FS-UAE a kwamfuta, ko PUAE a cikin RetroArch a waya. ROM ɗin Kickstart yana da haƙƙin mallaka, ana samunsa ta halal a kunshin Amiga Forever na kamfanin Cloanto.

Waɗannan matsaloli ba su tafi da Commodore ba, wanda ya durƙushe a 1994. A Arduino Uno, sprintf da %f alamar tambaya yake bugawa, kuma double a can bit 32 ne. A allunan STM32 masu amfani da newlib-nano sai ka ƙara -u _printf_float kafin lamba mai ɗigo ta fito. Duk wanda ke shirin haɗa na'urar auna zafi, ko mitar batirin sola, ko wani abu makamancin haka da ƙaramin masarrafi, zai sake haɗuwa da su. Idan ka yi gwajin Termux, saka 0xC8000047 a matsayin x, ka fara lissafa amsar da biro da takarda kafin ka bar wayar ta faɗa maka.